Sun Yat-sen: Likitan Da Magadansa Suka Yi Yaƙi A Kan Wasiyyarsa

Mai karatu, idan ka taɓa zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya, ko kana da ɗan'uwa mai zirga-zirga can, akwai sunan da da wuya a kwana biyu a garin ba a ci karo da shi ba: Zhongshan. Dogon titin da ya ratsa tsakiyar tsohon birnin sunansa ke nan. Babbar jami'ar garin ma haka ake kiranta. In ka nausa kudu kaɗan, ga wani birni sukutum mai wannan suna, kuma a ƙarƙashinsa garin Guzhen yake, inda 'yan kasuwa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa sarin fitilu da ƙwayayen lantarki. Duk sunan mutum ɗaya ne, wanda a wajen ƙasar Sin aka fi sani da Sun Yat-sen.

Ga inda abin mamakin yake. Gwamnatin Beijin da ta tsibirin Taiwan sun haura shekara 70 ba sa ga maciji da juna. Amma duk ranar 1 ga Oktoba, ranar bikin kafa gwamnatin 'yan gurguzu, sai an kafa ƙaton hoton wannan mutum a dandalin Tiananmen da ke Beijin. A Taiwan kuwa fuskarsa ce a jikin takardar kuɗi ta dala 100, kuma uban ƙasa suke kiransa. Alhali wata uku kacal ya yi a kujerar shugaban ƙasa. Bore goma aka shirya da sunansa, duk suka rushe. Wanda ya yi nasara kuwa, a jarida ya karanta labarinsa yana wata ƙasa.

To, me ya bari da har abokan gaba biyu kowa ke cewa shi ne magajinsa na gaskiya? Su wa kuma suka biya kuɗin wannan suna? Mu fara daga gida.

Yaron da yayansa ya ɗauki nauyinsa

An haifi Sun ranar 12 ga Nuwamba, 1866, a ƙauyen Cuiheng da ke lardin Guangdong, ba nisa da Macau. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, gidan ba wani ƙarfi. A lokacin daular Qing ce ke mulkin Sin. Sarakunanta 'yan ƙabilar Manchu ne, tsiraru da suka gangaro daga arewa maso gabas suka hau gadon sarauta a 1644, suka kuma tilasta wa kowane namiji ya aske gaban kansa ya bar dogon tukku a baya, alamar mubaya'a. Kafin a haifi Sun daular ta fara tangal-tangal. Ingila ta yaƙe ta daga 1839 zuwa 1842 saboda ta hana shigo da ofiyam, kayan mayen da Turawa ke sayar wa Sinawa, ta kuma karɓe tsibirin Hong Kong. Sauran ƙasashen Turai suka ga bango ya tsage, kowa ya taho neman wurin shiga.

Talauci ne ya kori yayansa, Sun Mei, zuwa tsibiran Hawaii ci-rani a 1871. Ya fara da ƙwadago a gonakin mutane, Allah ya yi masa buɗi har ya mallaki shago da babbar gonar kiwo a tsibirin Maui. Da ya tsaya da ƙafarsa, sai ya sa aka kawo masa ƙaninsa, lokacin bai wuce shekara 13 ba, ya sa shi makarantar 'yan mishan ta Iolani a Honolulu. Yaron da ya zo ba ya jin Turanci, a 1882 ya fita da lambar yabo a nahawun Ingilishi, wadda sarkin Hawaii na lokacin, Kalakaua, ya miƙa masa.

Sai dai karatun ya zo da abin da yayan bai yi tsammani ba. Sun ya fara karkata ga addinin Kirista, Sun Mei ya fusata ya mayar da shi gida a 1883. Bai daɗe a ƙauye ba, shi da abokinsa Lu Haodong suka shiga ɗakin bautar garin suka karya wani gunki, don su nuna wa mutane ko kansa ba ya iya karewa. Gari ya ɗauki zafi, yaron ya tsallaka Hong Kong, inda daga baya aka yi masa baftisma. Ka riƙe sunayen nan biyu, Sun Mei da Lu Haodong, za mu sake haɗuwa da su.

Likita ya ajiye allura

A 1887 ya shiga kwalejin koyon aikin likita da aka buɗe wa Sinawa a Hong Kong, ya kammala a 1892, ɗaya daga cikin ɗalibai biyu da suka fara fita daga cikinta. Wannan kwaleji tana da 'yar alaƙa da tarihinmu. Gwamna Lugga, wanda dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shi ne gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, kuma shi ya jagoranci kafa Jami'ar Hong Kong wadda ta haɗiye kwalejin, kafin a dawo da shi Nijeriya ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. A wata lacca da Sun ya yi a wannan jami'a a 1923, ya shaida wa ɗalibai cewa a Hong Kong tunanin juyin juya hali ya shige shi: yakan kwatanta tsafta da tsarin garin da halin da gundumarsu ke ciki, ya tambayi kansa me ya sa baƙi suka iya abin da 'yan ƙasa suka kasa.

Ya fara duba marasa lafiya a Macau, amma hukumomin Fotugal da ke mulkin garin suka matsa masa saboda ba shi da lasisinsu, ya koma Guangzhou. A 1894 ya rubuta doguwar takardar shawara ga Li Hongzhang, mafi ƙarfin jami'an daular, kan gyaran ilimi da noma da kasuwanci, ya yi tattaki har Tianjin don ya miƙa. Ko ganinsa bai samu yi ba. A shekarar ne yaƙi ya ɓarke da Japan, ƙaramar maƙwabciyar da Sinawa ke rainawa, wadda ta lallasa su ta kuma karɓe Taiwan.

Tun yaƙin bai ƙare ba Sun ya yanke cewa majinyacin ya wuce shan magani, sai tiyata. A Nuwamba 1894 ya kafa ƙungiyar farfaɗo da ƙasar Sin a Honolulu, da 'yan tsirarun 'yan ci-rani. A Oktoba 1895 suka shirya kama Guangzhou, asiri ya tonu tun ba a fara ba. Aka kama Lu Haodong, abokinsa na ƙuruciya, wanda ya zana wa ƙungiyar tuta mai farar rana a kan shuɗin sama, aka kashe shi yana ɗan shekara 27. Sun ya tsere Japan, ya yanke tukkunsa, ya sa kwat. Gudun hijirar shekara 16 ke nan ya fara.

Kwana 12 a kulle a Landan

Ranar 11 ga Oktoba, 1896, yana Landan, ya tsinci kansa a kulle a wani ɗaki a saman benen ofishin jakadancin Sin. Shi ya ce janye shi aka yi daga kan titi. Wasu masana tarihi na ganin da ƙafarsa ya shiga, yana zaton ba za a gane shi ba. Ko ma yaya ne, shirin jami'an shi ne su sa shi a jirgin ruwa a asirce su kai shi gida, inda hukuncin kisa ke jiransa. Ya riƙa rubuta 'yan takardu yana jefawa ta taga, ba su kai ga kowa ba. A ƙarshe ya shawo kan wani Bature ma'aikacin ofishin mai suna George Cole, ya kai saƙo ga tsohon malaminsa na kwaleji, Dokta James Cantlie, wanda gidansa ke kusa da wurin. Cantlie ya je wajen 'yan sanda, ya je ma'aikatar harkokin waje, ya je gidajen jarida. Da jaridar Globe ta buga labarin, mutane suka yi dafifi a ƙofar ofishin, gwamnatin Ingila ta sa baki, aka sake shi ranar 23 ga wata.

Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Daular ta so ta ɓatar da wani likita da ba kowa ya san shi ba, sai ga shi ta tallata shi ga duniya kyauta. Ya rubuta littafi kan abin da ya same shi, ya kuma shafe watanni a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya yana nazarin siyasa da tattalin arziki. A Japan, inda ya koma daga baya, ya ɓoye da sunan Nakayama, kuma haruffan wannan suna ne Sinawa ke karantawa Zhongshan. Ashe sunan da ke kan titunan nan sunan ɓuya ne na ɗan gudun hijira.

Faɗuwa goma, da waɗanda suka biya

A 1905 ƙungiyoyin 'yan juyin juya hali suka haɗe a Tokyo ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Tongmenghui, suka ba Sun shugabanci. Babban aikinsa neman kuɗi ne. Ya yi ta zagaya unguwannin Sinawa 'yan ci-rani, daga Singafo da Penang zuwa San Francisco, yana jawabi ga masu wanki da guga, da masu haƙar kuza, da masu ƙananan shaguna. Wasu sukan bayar kyauta, wasu ya sayar musu da takardun bashi da alkawarin jamhuriya za ta biya in ta kafu. Da kuɗin ake sayen bindigogi a tayar da bore a kudancin ƙasar. Wani karo makamai su ƙi isowa, wani karo asiri ya tonu, wani karo guzuri ya ƙare. Na goma shi ne na ranar 27 ga Afrilu, 1911, a Guangzhou, wanda abokin tafiyarsa Huang Xing ya jagoranta har ya rasa yatsu biyu. Gawa 72 aka tattara aka binne wuri ɗaya, yawancinsu matasa.

A cikin gida ma an biya. Sun Mei, yayan nan da ya taɓa korarsa, shi ya zama babban mai tallafa masa. Ya sayar da shanu, ya sayar da filaye, har dukiyar ta ƙare ya bar Hawaii ya dawo yankin Hong Kong. Matar Sun kuwa, Lu Muzhen, wadda iyaye suka zaɓa masa aka ɗaura aure yana saurayi, tun bayan boren 1895 ta kwashi yara da surukarta suka fake a gidan Sun Mei. Ita ta raini 'ya'yansu uku, ita ta kula da tsohuwa, miji kuwa sai a shafe shekaru ba a sa shi a ido ba. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1910 a Hong Kong, garin da hukuma ta haramta masa shiga, ba ya cikin waɗanda suka kai ta makwanci.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Ranar 9 ga Oktoba, 1911, wani bam da 'yan juyin juya hali ke haɗawa ya tashi bisa kuskure a Hankou, can tsakiyar ƙasar. 'Yan sanda suka samu jerin sunayen sojojin da ke cikin shirin. Da sojojin suka ga ko sun yi shiru ma mutuwa ce, washegari suka yi bore a Wuchang, tsallaken kogi. Cikin 'yan makonni larduna fiye da goma suka ɓalle daga daular. Sun yana birnin Denver na Amurka wajen neman gudummawa, a jarida ya gani. Ya bi ta Landan da Faris yana roƙon kada a ba daular rance, ya iso Shanghai ranar 25 ga Disamba. Jita-jita ta riga shi isowa cewa ya taho da maƙudan kuɗi. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ce ko kwabo bai zo da shi ba, ƙwarin zuciya kawai ya kawo.

Wakilan larduna suka zaɓe shi shugaban riƙon ƙwarya, aka rantsar da shi a Nanjing ranar 1 ga Janairu, 1912. Ya ba da umarnin a yanke tukku, a daina shan ofiyam, a daina sayar da mutane, a daina azabtar da wanda ake tuhuma, a kuma daina ɗaure ƙafar 'yan mata. Wannan na ƙarshen, uwargida, al'ada ce ta ɗaruruwan shekaru: a naɗe ƙafar yarinya tamau da tsumma tun tana ƙarama har ƙasusuwan su lanƙwashe, don ƙafar ta tsaya 'yar mitsitsiya, wai shi ne kyau. Ana ba da labarin cewa tun yana yaro ya roƙi mahaifiyarsa ta kwance wa yayarsa, ba a saurare shi ba. Jamhuriyar ta kuma ɗauki tuta mai launi biyar, kowane launi na wakiltar al'umma ɗaya: Han, Manchu, Mongol, mutanen Tibet, da Musulmi, waɗanda aka ba farin launi.

Amma umarnin duk a takarda yake. Baitulmali fanko ne, ƙarfin soja kuma yana hannun Yuan Shikai, babban kwamandan daular a arewa. Sai aka yi ciniki: Yuan ya sa sarki ya sauka, Sun ya bar masa kujera. Ranar 12 ga Fabrairu, 1912, fada ta sanar da murabus ɗin Puyi, sarki ɗan shekara 6, mulkin sarakuna na fiye da shekara 2,000 ya zo ƙarshe. Washegari Sun ya miƙa takardar ajiye aiki, ya bar ofis ranar 1 ga Afrilu. Masu yabonsa suna cewa ya fifita ƙasa a kan kujera, ya hana yaƙin basasa. Masu sukarsa suna cewa kura ya ba ajiyar nama.

Ba a daɗe ba kura ta nuna halinta. Sabuwar jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, Kuomintang, ta lashe zaɓen majalisa, amma a Maris 1913 aka harbe jagoranta a majalisar, Song Jiaoren, ɗan shekara 30, a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai. Zargi ya faɗa kan mutanen Yuan. Sun ya yi kiran ɗaukar makami, aka murƙushe su cikin 'yan makonni, ya sake tserewa Japan. Yuan ya rushe majalisa, a ƙarshen 1915 ya ayyana kansa sarki, ƙasa ta yi masa ca har ya janye, ya mutu a Yuni 1916. Daga nan ƙasar ta tarwatse a hannun madugan yaƙi, kowane janar da lardinsa da harajinsa.

Wannan faɗuwa ta canja Sun. Da ya kafa sabuwar jam'iyya a Tokyo a 1914, sai ya ce kowane memba ya yi rantsuwar biyayya gare shi shi kansa, ya kuma dangwala yatsa a takarda. Huang Xing, mai yatsu takwas ɗin nan, ya ƙi. Mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da mubaya'ar tukku, ga shi yana neman tasa mubaya'ar.

Matan gidan

A wannan zaman hijirar ne ya yi auren da ya girgiza abokansa. Charlie Soong, attajirin Shanghai da ya fara arziki da buga littattafai, tsohon amininsa ne kuma mai tallafa masa da kuɗi. 'Yarsa Ching-ling, wadda ta yi karatu a Amurka, ita ce sakatariyar Sun. Shekararta 22, shi kuma 48. Iyayenta suka ce ba su yarda ba, suka mayar da ita Shanghai, ta sulale ta koma Tokyo, aka ɗaura aure ranar 25 ga Oktoba, 1915. Kafin nan an kira Lu Muzhen ta zo ta amince da rabuwa, bayan zaman shekara 30 wanda yawancinsa jira ne. Ta koma Macau ta zauna har rasuwarta a 1952. Ba kasafai ake tunawa da ita ba in ana bikin uban ƙasa.

Amarya ma ba hutu ta tarar ba. Sun ya dawo ya kafa gwamnati a Guangzhou, yana dogaro da sojojin madugan yaƙin kudu. A Yuni 1922 dakarun ɗaya daga cikinsu, Chen Jiongming, suka juya masa baya suka yi wa fadarsa luguden wuta. Ching-ling ta matsa masa ya fara fita, ita ta biyo baya cikin ruwan harsashi. Tana da ciki a lokacin, ya zube, ba ta kuma sake samun haihuwa ba. Shi kuwa ya fake a wani jirgin ruwan yaƙi, inda wani matashin hafsa ya zo ya tsaya tare da shi na tsawon makonni. Sunan hafsan Chiang Kai-shek.

Manufofi uku da zamanin raino

Ƙasashen Yamma sun ƙi taimaka masa, sai ya juya ga Tarayyar Sobiyet a 1923. Rasha ta aiko da kuɗi da makamai da masu ba da shawara, aka bar 'yan jam'iyyar gurguzu, wadda aka kafa a 1921, su shiga Kuomintang. A 1924 aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta Whampoa kusa da Guangzhou. Chiang ne kwamandanta, Zhou Enlai na 'yan gurguzu ya riƙe sashen siyasa, wani matashi mai suna Mao Zedong kuma ya samu gurbi a cikin shugabannin Kuomintang. Duk waɗanda za su yi shekaru suna kashe juna, a lokacin a ƙwarya ɗaya suke ci. A shekarar ne kuma sojojin Sun suka murƙushe dakarun sa-kai na 'yan kasuwar Guangzhou, wuta ta cinye wani ɓangare na unguwar kasuwanci, abin da ya bar masa tabo a garin da ke alfahari da shi a yau.

A laccocin da ya yi a 1924 ya fayyace manufofinsa uku. Ta farko kishin ƙasa: ya kwatanta Sinawa da yashi a warwatse, kowa danginsa ya sani, ba abin da ya ɗaure su a matsayin al'umma ɗaya da za ta iya tsaya wa baƙi. Ta biyu ikon jama'a: a kan ɓangarorin gwamnati uku da aka saba da su, ya ƙara na jarrabawar ɗaukar ma'aikata da na sa ido kan jami'ai, tsarin da Taiwan ke bi har yau. Ta uku rayuwar talaka, wato abinci da sutura da muhalli da sufuri. Dabararsa kan filaye ita ce mai fili ya faɗi darajar filinsa da bakinsa. In ya faɗi da tsada, harajinsa ya yi yawa. In ya faɗi da araha, gwamnati na da ikon saye a wannan farashin.

Sai dai akwai wani sharaɗi. Ya ce ba za a kai ga mulkin jama'a kai tsaye ba, sai an bi mataki uku: mulkin soja har a haɗe ƙasa, sannan zamanin raino inda jam'iyya za ta riƙe mulki tana koya wa mutane gudanar da al'amuransu, sannan mulkin tsarin mulki. Ka san yadda ake ba mutum riƙon dukiyar maraya har ya mallaki hankalinsa. Matsalar ita ce, in mai riƙon shi kaɗai ne zai ce yaro ya girma, yaushe yaron zai girma?

Rabon gado

A ƙarshen 1924 ya tafi Beijin don sasantawa da madugan arewa, ya isa yana fama da ciwon daji da ya kama hanta. Ranar 11 ga Maris, 1925, ya sa hannu a takardun wasiyya, washegari ya cika yana da shekara 58. Wasiyyar gida gajera ce, domin abin rabon ba yawa: littattafai da tufafi da gida ɗaya a Shanghai, wanda shi ma 'yan ci-rani ne suka saya masa. Ya bar wa Ching-ling, ya ce 'ya'yansa sun girma, su tsaya da ƙafarsu. Ta siyasa kuwa cewa ta yi aikin shekara 40 bai kammala ba, abokan tafiya su ci gaba. Akwai kuma wasiƙar ban kwana ga Tarayyar Sobiyet. Bai ambaci magaji ba.

Shekara biyu kacal gidan ya yi a haɗe. A Afrilu 1927 Chiang ya juya kan 'yan gurguzu a Shanghai aka yi musu kisan gilla. A Disamba ya auri Mei-ling, ƙanwar Ching-ling, ya zama surukin gidan marigayin. A 1929 ya sa aka ɗauko gawar Sun daga Beijin aka kai ta wani ƙasaitaccen hubbare a kan dutse a Nanjing, mai matakala 392. Ching-ling ta halarci bikin, amma ta fito fili ta ce zuwanta ba goyon bayan gwamnatin Chiang ba ne. A makarantu da ofisoshi aka mayar da karanta wasiyyar farilla duk ranar Litinin. Har Wang Jingwei, wanda ya rubuta daftarin wasiyyar, da ya karɓi shugabancin gwamnatin 'yan amshin shatan Japan a 1940, cewa ya yi tafarkin Sun yake bi.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa. 'Yan gurguzu suka riƙe ƙawance da Rasha da kiransa na a ba manomi gonar da yake nomawa, suka ƙwace filaye da ƙarfi. Kuomintang ta riƙe zamanin raino. Bayan ta sha kaye ta koma Taiwan a 1949, ta rage kuɗin hayar gona zuwa kashi 37.5 cikin 100 na amfanin gona, a 1953 ta sayi filaye daga manyan masu gonaki ta sayar wa manoma. Amma dokar soja ta zauna a tsibirin daga 1949 har 1987, kuma sai a 1996 mutanen Taiwan suka zaɓi shugabansu kai tsaye, shekara 71 bayan rasuwar Sun. A babban yankin Sin, jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da mulki har gobe.

Rabuwar ta ratsa har tsakar gidansa. Ching-ling ta zauna tare da 'yan gurguzu, aka ba ta manyan muƙamai, aka naɗa ta shugabar ƙasa ta girmamawa 'yan kwanaki kafin rasuwarta a 1981. An binne ta a Shanghai kusa da iyayenta, ba a hubbaren mijinta ba. Mei-ling ta bi Chiang zuwa Taiwan, ta rasu a New York a 2003. Ciki ɗaya suka fito, amma tun 1949 ba su sake haɗuwa ba. Ɗansa Sun Fo a Taiwan ya ƙare rayuwarsa a 1973.

Wasu mafarkansa kuwa sun tabbata a hannun waɗanda bai zaɓa ba. Ya taɓa tsara layin dogo mai tsawon mil 100,000 da babbar madatsar ruwa a kan kogin Yangtze, har abokan hamayya suka laƙaba masa Sun Igwa, wato mai ƙarar baki. An gina madatsar, kuma a 'yan shekarun nan tsawon layin dogon ƙasar ya kai kilomita 160,000, kusan daidai da abin da ya faɗa.

Wataƙila sirrin farin jininsa shi ne bai daɗe a kan mulki ba balle a kama shi da laifin masu mulki. Alkawari ya bari, kuma alkawari kowa na iya cewa shi ne mai cika shi. Duk ranar 12 ga Maris, ranar rasuwarsa, ana dashen itatuwa a ɓangarorin biyu na mashigin Taiwan, kowa a nasa gefen.

Kai mai karatu, ya kake gani? Da Sun ya riƙe kujerarsa a 1912 ko da za a zubar da jini, ko kuwa saukar da ya yi ita ce daidai? Ke kuma uwargida, in aka ce ki auna sunan da ya samu da zaman jiran Lu Muzhen da dukiyar Sun Mei, wane gefe zai rinjaya? Muna jiran ra'ayoyinku.